Darasi: Yadda Matsi Ke Sauya Launin Hasken Gishirin Manganis

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji ko ma'aikacin banki ya ga yadda ake saka takardar kuɗi ƙarƙashin wata 'yar fitila mai shuɗi-shuɗi, sai wasu zane-zanen da a da ido bai gansu ba su fito suna ƙyalli. Fitilar nan hasken ultirabayolet take fitarwa, wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Tawadar da ke jikin takardar ce ke shanye shi, ta dawo da shi cikin launin da muke iya gani. Ku riƙe wannan a zuciya, domin duk darasin yau a kansa ya ginu: akwai abubuwan da ke haɗiye haske iri ɗaya su amayar da wani iri.

A garin Franklin da ke jihar New Jersey ta Amurka akwai tsofaffin ramukan haƙar tutiya. Dutsen wurin da rana ba abin da zai ja hankalinka gare shi. Amma in aka shiga da shi ɗaki mai duhu aka haska masa ultirabayolet, sai wani sashe ya kama da kore shar, wani sashe kuma ja mai ratsin ruwan lemo kamar garwashi. Mai koren ma'adini ne da ake kira wilemait, mai jan kuma kalsait. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ƙarfe guda ne ke ba da launukan biyu, wato manganis. To yaya abu ɗaya zai yi kore a nan, ya yi ja a can, alhali tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba?

Manganis da maƙwabtansa

Manganis ba baƙonmu ba ne, sunansa ne kawai ba mu saba ji ba. Baƙin garin da ke cikin batirin tocila da na rediyo akwai shi a ciki da yawa. Ana zuba shi cikin ƙarfe don ya ƙara masa tauri. A Nsuta ta ƙasar Ghana ana haƙarsa tun 1916. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Gottlieb Gahn, shi ya fara ware shi tsantsarsa a 1774, kuma a jadawalin sinadarai lambarsa 25. Har dogon ƙwan fitilar nan fari da aka daɗe ana sawa a ofisoshi da azuzuwa, farar hodar da aka shafe cikinsa da ita, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1942, tana ɗauke da manganis, kuma shi ke ba da ɓangaren ruwan lemo na hasken.

Halayid kuwa suna ne na gishirin da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da ɗaya daga cikin wasu 'yan gida ɗaya: fulorin, kulorin, buromin da aidin. Gishirin miyarmu ma halayid ne, haɗin sodiyom da kulorin. In aka sa manganis a maimakon sodiyom, an sami halayid na manganis ke nan. Ku ɗauki ƙwayar gishiri ku duba da kyau, za ku ga tana da kusurwoyi da fuskoki masu santsi. Dalili shi ne ƙwayoyin zarrar da ke cikinta a jere suke sahu-sahu, tsari ɗaya yana maimaita kansa ta kowace fuska. Duk abin da cikinsa ke da irin wannan jeri shi ake kira kiristal.

A cikin kiristal ƙwayar manganis ba ta zama ita kaɗai. Kullum tana tsakiya, maƙwabta sun kewaye ta. Wani lokaci maƙwabtan huɗu ne, suna tsaye kamar duwatsun murhu uku da na huɗu a sama. Wani lokaci shida ne: gabas, yamma, kudu, arewa, sama da ƙasa. Amsar tambayarmu ta dutsen Franklin tana nan. A cikin wilemait maƙwabta huɗu ne, hasken ya fito kore. A cikin kalsait shida ne, ya fito ja. Haka abin yake a halayid: gishirin sisiyom da manganis da buromin, in an haɗa shi ta yadda buromin huɗu suka kewaye manganis, kore yake bayarwa, in kuwa shida ne, ja.

Kafin mu ci gaba sai mun san yadda ake auna launi. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, kuma tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ke bambanta launuka. Ana auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idonmu yana gani daga wajen nanomita 400, can gefen shuɗi na bakan gizo, zuwa wajen 700 a gefen ja. Koren manganis yana wajen 520, jansa kuma daga 600 zuwa sama. Abin lura: gajeriyar igiya ta fi ƙarfi. Shuɗi ya fi kore ƙarfi, kore ya fi ja.

Ɗakuna biyar, mazauna biyar

Wannan sashen shi ne mafi wuya a darasin, kuma shi ne mafi daɗi. Ku bi shi a hankali, in ya kama ku karanta sau biyu.

Manganis da ke cikin waɗannan gishirin ya ba da ilektiron biyu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da tsakiyar zarra, ga maƙwabtansa, ya rage da biyar a bajensa na waje. Wuraren zaman ilektiron a wannan baje su ma biyar ne. Mu kira su ɗakuna. Kowane ɗaki yana iya ɗaukar ilektiron biyu, amma da sharaɗi: kowane ilektiron yana da wata juyawa tasa, ko ta sama ko ta ƙasa, kuma biyun da za su haɗa ɗaki dole juyawarsu ta saɓa. Tun da ilektiron duk caji iri ɗaya gare su, ture juna suke yi, ba sa son haɗa ɗaki. Saboda haka a zaman lafiya kowa na ɗakinsa, biyar a biyar, duk suna juyawa fuska ɗaya.

Da manganis shi kaɗai yake a sarari, da ɗakunan biyar duk daraja ɗaya gare su. Maƙwabta ne ke ɓata wannan daidaito. Su ma suna da nasu ilektiron, don haka ɗakunan da ke fuskantarsu kai tsaye sun fi takura, sai ƙarfin da ake bukata don zama cikinsu ya ƙaru. Gidan ya zama bene: wasu ɗakuna a ƙasa, wasu a sama. In maƙwabta shida ne, uku a ƙasa biyu a sama, kuma benen dogo ne. In huɗu ne, biyu a ƙasa uku a sama, benen kuma gajere, bai kai rabin wancan ba, kusan kashi huɗu cikin tara. Hans Bethe ne ya aza harsashin wannan bayani a 1929, sannan a 1954 wasu Japanawa biyu, Yukito Tanabe da Satoru Sugano, suka zana taswirorin da har yau ɗalibai ke amfani da su wajen lissafa shi.

Yanzu haske ya faɗo kan gishirin. Manganis ya shanye shi, ya shiga halin da bai saba ba. A mafi ƙanƙantar wannan hali, abin da ke faruwa shi ne ilektiron ɗaya daga saman bene ya juya fuskarsa, ya sauko ƙasa, ya kutsa ɗakin wani. Lissafi biyu ke nan. Haɗa ɗaki da juya fuska suna da tsada mai yawa. Saukowa daga bene kuwa rangwame ne, domin zaman ƙasa ya fi sauƙi. Abin da manganis ya riƙe a matsayin ƙarfi shi ne tsadar bayan an cire rangwamen. Idan ilektiron ya koma ɗakinsa, wannan ragowar ita ce ke fita a matsayin haske.

Ku gwada lissafin da kanku. Gajeren bene, rangwame kaɗan, ragowa mai yawa: haske mai ƙarfi, kore. Dogon bene, rangwame mai yawa, ragowa kaɗan: haske mai rauni, ja. Dutsen Franklin ya gama bayyana.

Akwai wani abu da wannan juya fuska ke jawowa. Haske ba ya iya juya ilektiron cikin sauƙi, don haka gishirin manganis ba ya shan hasken rana sosai. Shi ya sa kulorayid na manganis a kwalba launinsa ruwan hoda ne fayau, kamar an wanke shi. Komawar ma jinkiri take yi. A wasu sinadaran masu ƙyalli hasken kan fita cikin kashi kaɗan na biliyan na daƙiƙa, amma manganis mai kulorin huɗu yakan kai kashi kaɗan na dubu. Da buromin ya fi sauri, da aidin ya fi haka sauri, domin manyan ƙwayoyi masu nauyi suna taimaka wa ilektiron ya juya.

Maƙerar daimon

Tun da tsawon benen ya danganta da kusancin maƙwabta, tambayar da za ta zo wa duk mai tunani ita ce: me zai faru in aka turo maƙwabtan kusa? Ana iya sauya kulorin da buromin a gani, amma in an yi haka an sauya abubuwa da yawa lokaci guda, girma da nauyi da halin ƙwayar, ba za a san wanne ya jawo me ba. Matsi ya fi tsabta. Sinadarin yana nan yadda yake, ba a ƙara ba a rage ba, tazara kawai ake taɓawa. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa aikin ya cancanci wahalarsa.

Wahala kuwa akwai ta, domin gishiri ba auduga ba ne. Iskar da ke kanmu tana danna kowane murabba'in santimita na jikinmu da nauyin kusan kilo ɗaya. Iskar tayar mota ta ninka wannan sau biyu ko uku. Ma'aunin da masu wannan bincike ke aiki da shi sunansa gigafaskal, kuma gigafaskal ɗaya ya yi kusan ninki 10,000 na matsin iska. A ƙasan ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, matsin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na gigafaskal da 'yan kai ba. A tsakiyar duniya yana wajen 360.

Ta yaya mutum zai sami irin wannan a kan teburi? Da dabarar da kowace mai ɗinki ta sani. Allura tana huda ƙyalle da ɗan turi kaɗan domin duk ƙarfin ya taru a bakinta, raƙumi kuma ba ya nutsewa a rairayi domin faɗin tafinsa ya raba nauyin. Percy Bridgman na Jami'ar Harvard ya shafe rayuwarsa yana ƙera na'urorin matsi, har ya sami lambar Nobel a 1946, amma nasa na ƙarfe ne, ba a ganin abin da ke ciki. A wajen 1958 zuwa 1959 masana a hukumar ma'aunai ta Amurka, da wasu a Jami'ar Chicago, suka ƙera abin da za mu kira maƙerar daimon. Daimon biyu ne aka goge tsininsu ya zama ɗan fili, faɗinsa kamar kashi uku cikin goma na milimita, aka sa su fuska da fuska. Tsakaninsu akwai siririn faifan ƙarfe da aka huda wa rami. Cikin ramin ake saka ɗan ɓarɓashin gishirin, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, a cika da ruwa, sau da yawa haɗin metanol kashi huɗu da etanol kashi ɗaya, don matsin ya zo daidai ta kowace fuska. Sai a ɗaura sukurori.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi da hannunsa. In aka ɗora nauyin buhun siminti ɗaya, kilo 50, a kan wannan ɗan fili, matsin da zai bayar ya kusa gigafaskal 7, wato ninki wajen 70,000 na matsin iska. Na'urar duka tana shiga tafin hannu. Daimon ya dace da aikin ta fuska biyu: babu ma'adinin da ya fi shi tauri, kuma haske yana ratsa shi. Ta cikinsa ake harba hasken leza, ta cikinsa kuma ake kallon abin da gishirin ya mayar.

Saura sanin yawan matsin da ke ciki, tun da ba wurin saka agogon awo. A 1972 masana a waccan hukumar ma'aunai suka gano mafita: a jefa ɗan ƙurar jan yaƙutu tare da gishirin. Yaƙutu yana fitar da siririn jan haske a nanomita 694, kuma duk gigafaskal ɗaya yana gusar da shi da kusan kashi ɗaya cikin uku na nanomita. Haske ake aunawa, a san matsi.

Abin da ake gani

Da an fara ɗaure sukurori, maƙwabta sukan matso. Matsowar kaɗan ce ƙwarai, amma benen yana da saurin amsawa: in tazara ta ragu da kashi 1 cikin 100, tsawonsa yakan ƙaru da kusan kashi 5. Rangwame ya ƙaru ke nan, ragowa ta ragu. Bayan haka ilektiron na manganis suna samun damar bazuwa kaɗan zuwa jikin maƙwabtan da suka matso, sai ture junan da suke yi ya yi sauƙi, tsadar haɗa ɗaki ita ma ta sauka. Duka biyun gefe ɗaya suke tura hasken. Kore ya karkata zuwa rawaya, ruwan lemo ya koma ja, ja ya ƙara duhu.

Ɗalibai da yawa sukan yi tsammanin akasin haka, kuma ban ga laifinsu ba. Hankali yana cewa abin da aka matse da ƙarfi ya kamata ya fitar da haske mai ƙarfi. Amma ƙarfin hasken ba daga sukurori yake zuwa ba, daga fitilar da aka haska yake. Matsi tsarin gidan kawai ya sauya.

Gusawar manganis ta ninka ta yaƙutu sau goma ko fiye. A yaƙutu, ilektiron na kiromiyom, ƙarfen da ke ba shi haske, yana juya fuska ne ba tare da ya sauya hawa ba, don haka tsawon bene bai dame shi ba. A manganis kuwa sauka ake yi daga sama zuwa ƙasa. Wannan ya sa masu bincike a Jami'ar Kantabiriya da ke Santander a Sifen suka ba da shawarar a yi amfani da wani kulorayid na manganis a matsayin ma'aunin matsi. Yana da nasa cikas: hasken yaƙutu siriri ne kamar zare, na manganis kuwa faffaɗa ne, gano tsakiyarsa daidai sai an yi da gaske.

Sauyin ba kullum yake bin sannu ba. Akan kai wani matsi da jerin ƙwayoyin ba zai iya jurewa ba, sai ya rushe ya sake sabon tsari mai cin wuri kaɗan. Masanan Santander sun nuna haka a 2009 da gishirin da manganis ke zaune cikin maƙwabta huɗu, kowane rukuni a ware da ɗan'uwansa. Da matsi ya yi yawa, rukunonin suka haɗe, manganis ya koma mai maƙwabta shida, jan haske ya bayyana a inda da kore ne kawai. Abin da dutsen Franklin ya nuna a ma'adinai biyu, ga shi an gani a ƙwayar gishiri ɗaya.

Sai batun yawan hasken, wanda ya fi na launi rikitarwa. Idan ƙwayoyin manganis suna kusa da juna, wadda ta sha haske ba lallai ta fitar da shi ba, takan miƙa wa ta kusa, ita ma ta miƙa gaba, kamar bokitin ruwa a layin masu kashe gobara. In layin ya yi tsawo, ƙarshenta bokitin zai isa hannun da zai zubar: wani gurbi a cikin kiristal, ko baƙuwar ƙwaya, inda ƙarfin zai zama zafi ya ɓace. Shi ya sa gishirin da manyan ƙwayoyi suka raba manganis nesa da juna suka fi haske, kuma shi ya sa matsi mai yawa yakan dusashe hasken, har ya kashe shi. A wasu gishirin kuma hasken yakan fara ƙaruwa tukuna, domin matsi ya hana sassan kiristal rawar da ke cinye ƙarfi.

Fulorayid na manganis ya ba da misalin da ya fi burge ni. A yanayin ɗaki ba ya haske sam, sai an sanyaya shi ƙwarai, saboda wannan miƙa-miƙar. A 2007 Ignacio Hernández da Fernando Rodríguez da Hans Hochheimer suka ba da rahoton cewa sun matse shi zuwa kusan gigafaskal 15, ya sauya tsari, ya kama haske a yanayin ɗaki, kuma launi biyu lokaci guda, kore da ja. Matsin da ke kashe hasken wani gishiri, shi ya kunna na wannan.

Kada a haɗa wannan da wani abu mai kama da shi. Wasu gishirin manganis in an daka su cikin duhu sukan yi walƙiya, kamar yadda ƙwayar sukari ke yi. Wannan daga karyewar kiristal yake, ba daga matsin da ya zauna daram ba.

Amfaninsa

Ba wanda zai sayi fitilar da sai an matse ta tsakanin daimon biyu. Maƙerar wurin tambaya ce. In ta nuna cewa launin da ake so yana fitowa idan tazara ta ragu da kaza, sai masu haɗa sinadarai su nemi ƙananan ƙwayoyin da za su sa a cikin kiristal su jawo wannan raguwar ba tare da sukurori ba. Da haka ake neman hodar da za ta ba ƙwan LED da fuskar talabijin kore da ja masu tsabta, da kuma allunan da ke mayar da hasken eksire zuwa hoton da likita zai duba.

Akwai dalilin da ya sa ido ya koma kan manganis a 'yan shekarun nan. Halayid da suka fi suna wajen ba da haske na dalma ne. Mu kuwa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara. Manganis ma in ƙurarsa ta yi yawa a jiki yana cutar da ƙwaƙwalwa, masu haƙarsa da masu walda sun san haka, amma haɗarinsa bai kai na dalma ba, ga shi da araha. Matsalar da ta rage ita ce da yawan gishirinsa suna jan laima, in an bar su a buɗe sai su jiƙe su daina haske.

Aikin aji

Ku zana ɗakuna biyar sau biyu, ɗaya uku a ƙasa biyu a sama, ɗaya biyu a ƙasa uku a sama. Ku sa tsakuwa ɗaya a kowane ɗaki, sannan ku nuna wa na kusa da ku abin da ke faruwa idan haske ya shiga, da bakinku, ba da karanta littafi ba. Wanne zane ne na kore, kuma don me?

Wani gishirin manganis yana ba da haske a nanomita 520. An matse shi, hasken ya koma 560, da aka ƙara matsi kuma farat ɗaya ya koma 650. Me kuke jin ya faru a mataki na farko, me ya faru a na biyu?

Zafi yana sa abubuwa su buɗe. In aka ɗora gishirin a kan wuta maimakon a matse shi, maƙwabtan manganis matsowa za su yi ko ja da baya? In tazarar kaɗai aka duba, wane gefen bakan gizo hasken zai nufa?

In faɗin bakin daimon ya ragu da rabi, filinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Gigafaskal nawa buhun simintin nan zai bayar yanzu?